Sabon Zama Da Tayar Tarakta: Kututture Ɗaya Yana Iya Cinye Damana

Wanda wannan takarda ta zo hannunsa ya karanta ma na kusa da shi, don maganar ta shafi mai tarakta, ta shafi wanda ko jaki ba shi da shi.

Wata damana na kwana a wani sabon gidan gona, yamma da Tanut. Mai gidan saurayi ne mai himma. Gonar gado ta yi masu kaɗan shi da ƴan uwansa, sai ya nemi fili can nesa da gari, ya yi bukka biyu da rumbu, ya kwashe iyalinsa ya koma. Da rani ya sassabe filin shi kaɗai. Ya sayar da tumaki ya biya rabin kuɗin tarakta tun kafin ruwa. Daren da na kwana aka yi ruwa mai kyau. Da asuba tarakta ta shiga gona, kowa yana murna. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai muka ji fuuu. Tayar baya ta hau wani kututturen aduwa da rairayi ya rufe, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, kansa kamar mashi.

Direba ba shi da jak. Ba shi da ƙarfen ɓanɓarar taya, ba shi da famfo, ba shi da ko faci ɗaya. Ya hau babur ya tafi neman mai faci, sai washegari suka zo. Da aka buɗe sai aka tarar ba robar ciki kaɗai ta huje ba, jikin tayar ma ya tsage. Sai da aka aika Damagaram. Kafin tarakta ta sake tsayawa bisa ƙafafunta huɗu an yi kwana shida, laima ta tafi, ƙasa ta koma gari. Kuma ba shi kaɗai abin ya ci ba. Mutum huɗu ke jiran layi bayansa.

Ba fari ba ne, ba fara ba ce, ba tsuntsu ba ne. Kututture ne wanda mai gonar ya fiƙe da gatarinsa.

To, ga ra'ayina, in faɗe shi tun da wuri. Wanda zai yi sabon zama a daji, in dai ya dogara ga tarakta, tasa ce ko ta haya, to kafin ya tambayi kuɗin huɗa ya fara tambaya: in taya ta fashe, wa zai gyara ta, da wane kaya, cikin awa nawa? Gyaran taya a ƙasarmu aikin noma ne kamar shuka da girbi. Mun bar shi ga mutanen tasha a birni, mu kuwa muna daji, abin da ke kashe mu ke nan.

Ku duba ƙasar da muke ciki. Damargu ƙasar hatsi ce tun kaka da kakanni. Baturen nan Bajamushe mai suna Barth, da ya ratsa nan tare da ayarin gishiri a watan Janairu na 1851, ya tarar Damargu ce ke ciyar da Abzin. Amma ruwanmu ƙanƙane ne. Shekarar da Tanut ta samu milimita 300 sai mu ce an gode Allah, sau da yawa ba ta kai haka. Damana ba ta zama sosai sai watan Yuli, Satumba ba ta ƙarewa ta ɗauke. Hatsi mai sauri kuwa, ko ankutes namu na gida ko HKP na ma'aikatar binciken noma, yana son wajen kwana 80 zuwa 90. Ku da kuka koyi lissafi ku auna. Ina ragowar kwanakin da za a zauna jiran taya? Manomin kudu, in ya rasa ruwan fari ya kama na biyu. Mu nan wani lokaci na biyun sai bayan kwana goma sha. Dattawan da suka ga 1973 da 1984, da mu da muka ga 2005, mun san abin da rumbu wofi yake nufi.

Kafin in shiga maganar taya, bari in taɓa sabon zaman kansa, a taƙaice.

Abu na fari, takarda. Tun dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 akwai kwamitin filaye, wanda ake kira Kofo, a gunduma da ƙaramar hukuma har zuwa ƙauye. Gado ne, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko haya, kowane yana da takardarsa. Ku je tare da mai gari da shaidu a rubuta, ku karanta da idonku kafin ku sa hannu, ai don irin wannan rana kuka shiga makaranta. Kada ku manta kuma da iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, wadda dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatarwa. Arewa da ita ƙasar kiwo ce. Burtali da makiyaya da bakin tabki ba gonar kowa ba ne. Tarakta tana da wani hali, tana sa ma mutum girman ido. Abin da hauya ke yi a mako ita ta yi shi kafin azahar, sai mutum ya ga kamar dajin duk nasa ne. Wanda ya huɗe burtali ya shuka rigima tare da hatsinsa, kuma makiyayin da ka toshe ma hanya shi ne maƙwabcinka na kusa ranar da ciwo ya kama ɗanka da dare.

Na biyu, ruwa. Rijiyoyin Damargu masu zurfi ne, akwai waɗanda suka wuce mita 60, sai da raƙumi ko sa ake jan guga. Kafin ka kafa bukka ka taka da ƙafarka daga filin zuwa rijiya, ka san nisan, ka san mai ita da yadda ake layi. Matarka da ɗiyanka su za su sha wannan tafiya kowace rana, a yi shawara da su.

Na uku shi ne sassabe, nan ne zan daɗe.

Tsohuwar gona ba ta cika cin taya ba. Shekara da shekaru ana nomanta, kututtura sun ruɓe, gara ta cinye saura. Sabuwar gona ita ce mai haƙora. Aduwa, da magarya, da kandili, da ɗakwara, duk masu ƙaya ne, itacensu kuma da tauri. Yadda muka saba sassabe, mutum yana tsaye ya kai sara a karkace, itace ya faɗi, ya bar gindi mai tsini. Iskar rani ta zo ta rufe shi da rairayi. Direba yana can sama bisa kujera, ƙura ta turnuƙe, ba ya ganin komi. Sa'an nan rassan ƙayar da aka sare, wasu a ja su a yi shinge, wasu a bar su nan warwatse. Ƙayar aduwa busasshiya kamar ƙusa take. Ba ta huda taya nan take. Tana shiga ta karye a ciki, tana nutsewa kaɗan kaɗan, sai bayan kwana biyu ko uku ta kai ga robar ciki, lokacin tarakta tana gonar wani. Shi ke nan a kama faɗa da wanda bai ji ba bai gani ba.

Ni dai abin da na gani, itacen da aka bari tsaye bai taɓa fasa taya ba, don direba yana ganinsa ya kewaye. Wanda aka sare aka bar gindinsa shi ne maƙiyi. Saboda haka hanya biyu ce. Itacen da ba ka so, tone shi, ka sare shi can ƙasa da inda faifan garma ke kaiwa, ka rufe ramin. Wanda ba ka iya tonewa, bar shi ya rayu. Ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage saura, ka ɗaura masa tsumma mai launi don a hango shi. Wannan shi ne sassaben zamani da manoman Maradi suka kama tun wajen 1983, har ya maido da itatuwa masu yawa a gonakin kudancin Maradi da Damagaram. Su sun yi shi don ƙasa da iska da makamashi. Mu a Damargu mu ƙara masa dalili ɗaya, yana tsare taya. Gonar da aka aske ƙwal, aka bi ta da faifai shekara bayan shekara, iska ce ke kwashe ta. Jigawa mai laushi ma ba ta bukatar huɗa kowace shekara. Geza mai tauri ita ce ke son ƙarfe.

Kututturen da ya gagare ka, ba tonewa ba rayawa, sare kansa a kwance, kada ka bar tsini, ka kafa doguwar sanda kusa da shi. Rassan ƙaya kuma a tattara su waje ɗaya bakin gona. Ranar da tarakta za ta zo, mai gona ya riga ta zagayawa, ya kuma sa babban yaro ya tsaya nesa yana nuna ma direba wurin haɗari. Nesa na ce, ba gaban tarakta ba.

Yanzu mu zo ga tayar kanta.

Taraktocin farko ƙafar ƙarfe gare su. Sai a 1932 aka fara sa masu tayar roba mai iska a Amurka. Aka samu sauri, aka rage shan mai, amma ƙaya ta samu ƙofa. Mu nan gazuwal ana tace shi a ƙasarmu, a matatar SORAZ da ke kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, tun 2011. Taya kuwa ba a yin ta a Nijar. A Najeriya ma masana'antar Michelin ta rufe a 2007, ta Dunlop ta bi baya a 2008. Ke nan kowace tayar tarakta da kuke gani ta sha doguwar tafiya kafin ta iso mu, shi ya sa sabuwar tayar baya guda ɗaya kuɗinta jikkuna ne ɗari ɗari. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne, balle wanda ke can cikin dajin Tarka. Abin da ke da tsada haka, da nisa haka, ai ya cancanci a kula da shi kamar raƙumin hawa.

Ga wurin da karatunku zai yi aiki. A jikin kowace taya akwai rubutu. In kun ga 16.9-30, lambar fari faɗin tayar ne, ta biyu kuwa girman janti, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kansa, duka da awon inci. In harafin R ya shiga tsakani, kamar 16.9R30, to wata irin saƙa ce daban, kada a haɗa ta da marar R a gindi ɗaya. Tayar gaba sau da yawa 7.50-16 ce. In kun ga 8 PR ko 10 PR, ƙarfin jikin tayar ne, mai babbar lamba ta fi jure ƙaya da kaya. Tayoyi da yawa kuma suna ɗauke da lamba huɗu a jere masu nuna lokacin da aka yi su: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wanda ya iya karanta wannan ba a sayar masa da tsohuwar ajiya da sunan sabuwa. Ku kwafe waɗannan lambobi a littafi tun yanzu. Ranar da za a yi aike, a aika da lamba, ba a ce wai a sawo irin ta jar tarakta ba. Na san wanda aka kawo ma robar ciki ta janti 28 alhali tasa 30 ce, kwana biyu suka ƙara tafiya a banza.

Ku duba zanen tayar baya kuma. Haƙoranta a jere suke kamar kan kibiya. In ka tsaya bayan tarakta ka dubi saman tayar, tsinin kibiyar gaba yake kallo. In aka sa ta a juye, sai ta riƙa tara ƙasa tana sulɓi.

Sai iska. Yawancin direbobinmu da dundu ko da ƙafa suke auna iska, wannan ba awo ba ne. Ma'aunin iska ɗan ƙaramin abu ne, kuɗinsa bai kai na zakara biyu ba. Tayar baya a gona ba ta son iska da yawa, daga kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishi yawancinsu. Ta gaba, ƙarama, ta fi son iska, wajen kilo biyu ko sama kaɗan. In littafin taraktar yana nan, abin da ya faɗa shi za a bi. A auna da safe kafin rana ta gasa robar. In iska ya yi yawa, taya ta yi tauri kamar ganga, kututture ya fi saurin fasa ta, ga tona rami a rairayi, ga shan gazuwal. In ya yi kaɗan, gefenta ya riƙa lanƙwasa har ya tsattsage, wani lokaci ta zame bisa janti ta tsinke bawul. Murfin bawul kuma kada a raina shi. A ƙasar rairayi shi ne ke hana ƙasa shiga ta riƙa sace iska.

Akwai masu ɗura ruwa cikin tayar baya don ta yi nauyi. Dabara ce ta gaskiya, ana cika kashi uku cikin huɗu, a bar saura ma iska. Amma taya ɗaya tana shan fiye da lita 200, ya wuce tono guda. A inda ake jan ruwa da raƙumi, kuma kowace huda sai an zubar da shi kafin a yi faci, ni ban ga ribar ba, sai in tarakta tana sulɓi ƙwarai a ƙasa mai tauri.

To taya ta huje, yaya za a yi? Da fari a tsaya nan take. Tafiya bisa taya marar iska, ko taki hamsin ne, tana mai da aikin dala ya koma na jika. A kashe inji, a sa giya, a ja birki, a tokare sauran ƙafafu gaba da baya. Jak ba ya tsayawa bisa rairayi, sai an shimfiɗa masa katako mai kauri. In an ɗaga, a ƙara tokare gindin da guntayen itace masu ƙarfi, don jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne. Tayar baya ba dole sai an kwance ta ba. Tana da nauyi ƙwarai, in ta faɗo ma mutum sai karaya ko abin da ya fi haka. Ana iya gyara ta tana nan jikin tarakta.

A sa alama da gawayi a jikin taya daidai bawul. A cire cikin bawul, iska ya fita duka. A zuba ruwan sabulu a bakin janti, a saki leɓen tayar, a ɓanɓare shi da ƙarfe biyu ko uku, kaɗan kaɗan, kada a cije robar ciki. Ruwan sabulu na ce, ba baƙin mai ba, ba gazuwal ba, don mai yana cin roba. A zaro robar, a ɗan hura ta, a nemi hudar da ruwa ko kumfa. In an gan ta, a kankare wurin ya fi facin faɗi, a share, a shafa sholisho siriri. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Sai an jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sa'an nan a ɗora faci, a danne daga tsakiya zuwa baki. A yi wannan a inda iska ba ya kawo rairayi, ko bayan zane ne a kare. In hudar babba ce, facin wuta ya fi riƙo.

Saura babban aiki wanda ake mantawa: ƙayar tana nan cikin taya. Alamar gawayin nan ita za ta nuna maka wurin. Ka ɗora robar bisa tayar, bawul daidai alama, ka ga inda hudar ta faɗa. Ka bi cikin tayar da tsumma a hannu, inda tsumma ya maƙale nan take. A cire ta da awartaki. A bi sauran cikin duka, don ƙaya ba ta tafiya ita kaɗai. A share rairayi tas, a goge tsatsar janti, a barbaɗa ma robar hoda, a ɗan sa mata iska kaɗan don kada ta naɗe, sa'an nan a mayar.

In jikin tayar ne ya tsage, ana manna masa babban faci mai zare daga ciki. Guntun tsohuwar taya da ake cusawa haka nan, ko ɗinki da waya, na fitar da kai gida ne kawai. Bayan ƴan kwanaki sai ya goge robar ciki ya sake hudawa. Tayar da ba ta da robar ciki kuwa, in ƙaramar huda ce a tafin, ana toshe ta da igiyar roba daga waje ba tare da an buɗe ba.

Abu biyu kuma, don Allah ku faɗa ma kowane direba da kowane yaron mota. Wajen hura taya don leɓenta ya zauna, kada a wuce kilo biyu da rabi. In bai zauna ba a sace iskan, a ƙara sabulu, a sake. Mai hurawa ya tsaya gefe, kada ya sunkuya bisa tayar, yara su yi nisa. Na biyu, kada a taɓa yi ma janti walda taya tana kansa, ko an sace iskan. Zafi yana tara ƙarfi a ciki, ta tashi kamar nakiya. Wannan ya kashe mutane a ƙasashe da yawa.

Na san wani zai ce, malam, mai tarakta ya ji da tayarsa mana, ni mai hauya ina ruwana? Da ruwanka. Taraktocin da ke yankinmu, na ƴan kasuwa ne ko na ƙungiya ko waɗanda aka saya ta hannun CAIMA, ba su kai yawan masu nemansu ba. Guda ɗaya gonaki da yawa ke jiranta. In ta kwanta a gonar wani, layin duka ya kwanta. Kuma direban da gonarka ta ci masa taya bana, baɗi ko ya ƙi zuwa ko ya ƙara maka kuɗi. Shi ya sa nike ganin a daina yin cinikin huɗa da baki kawai. A rubuta a takarda: eka nawa, kuɗi nawa, ranar zuwa, in kututturen da ba a sa ma alama ba ya fasa taya wa zai biya, in kuma tayar dama ta mutu ce wa zai biya. Mai gona ya zagaya da direba kafin a fara, direba shi ma ya nuna tayoyinsa da kayan facinsa. Direban da ya zo ba jak ba famfo, a gaya masa gaskiya tun a bakin gona. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma zai ce kayan gyara tsada gare su, talaka ba ya iyawa. Mutum ɗaya ba ya iyawa, gaskiya ne. Amma gida goma da suka yi sabon zama kusa da juna suna iyawa. Me ake bukata? Jak mai ƙarfi, katako, ƙarfen ɓanɓara uku, guduma, famfo, ma'aunin iska, faci manya da ƙanana, sholisho, cikin bawul, sabulu, da robar ciki sabuwa ɗaya ta baya ɗaya ta gaba. Duk a akwati guda mai kwaɗo. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na tayar baya guda ba. Kowane gida ya ba da tiya kaza na hatsi da kaka, a sayar a saya. Sholisho dai a saye shi dab da damana, a ajiye a inuwa, don zafinmu yana busar da shi cikin gwangwani. A kuma kulle shi, kada yara su kai gare shi.

Akwati ba ya gyara taya sai da hannu. Samarinmu nawa ke tafiya Agadas da Libiya da Aljeriya kowane rani neman abin yi? A zaɓi ɗaya ko biyu masu natsuwa, a kai su wurin mai faci a Tanut, ko Belbeji, ko Bakin Birji, su yi rani guda suna koyo, ƙungiya ta ɗauki abincinsu. Ba tarakta kaɗai za su ci ba. Amalanke tana da taya, babur yana da taya, motocin kasuwa suna bi ta ƙauye kowane mako. Sana'a ce mai ci rani da damana. Littafin akwatin kuma, wa ya ɗauki me, wa ya biya, wa ake bi, a ba ɗaya daga cikinku ɗaliban yaƙi da jahilci. In mace ce ma ya fi, na lura kuɗin ƙungiya ya fi daɗewa a hannunsu.

Duk da haka kada tarakta ta sa ku jefar da sungumi da hauya. Saurayin nan da na ba ku labari, abin da ya cece shi matarsa ce. Da ta ga rana ta yi tsaka ba labarin direba, sai ta ɗauki ƙwaryar iri, ta sa shi gaba da sungumi, suka shuka wajen jigawar ba huɗa. Wannan yanki shi ya ba su abin da suka ci har bazara. Wanda ya yi binne tun kafin ruwa a wani sashe na gonarsa shi ma ya rage ma kansa jira. A raba ƙafa, wani yanki na inji, wani na hannu.

In an gama aiki da kaka, tarakta ba a barin ta a rana wata takwas. Rana tana tsattsaga roba, nauyi kuma yana kwantar da gefen da ke ƙasa. Mai sabon gida, lokacin da kake kafa rumfar dabbobi ka kafa wata ta kara inda tarakta za ta tsaya, taka ce ko ta baƙo. A wanke tayoyi, a bi su da awartaki a zare ƙayoyin da suka maƙale, a ɗaga ta bisa itace, a rufe da tsofaffin buhuna ko zana. Inda ake juye mai da gazuwal ya yi nisa da su. Tafiya bisa kwalta kuma a rage ta, hanyar Agadas tana cin haƙoran taya fiye da gona nesa ba kusa ba.

Tayar da ta mutu sarai ita ma kada a ƙone ta. A yanka ta biyu a yi kwamin shayar da tumaki, baduku ya fitar da takalma, robar ciki kuma a ɗinka guga ko a yanka igiyar ɗaure bido bisa jaki. Wadda aka ajiye haka nan a kife ta ko a huda ta, kada ruwan damana ya kwanta ciki sauro ya hayayyafa a ƙofar ɗaki.

Masu sauraron rediyo a ƙungiya, ku sa wannan magana a zamanku na gaba tun rani bai ƙare ba. Ku ƙidaya taraktocin da ke shigowa yankinku, ku rubuta lambar tayoyinsu, ku faɗi sunan saurayin da za a tura koyo. Masu sabbin gonaki kuma su fita da gatari da sanduna cikin watan Afrilu da Mayu, kafin iskar farkon damana ta rufe kututtura. Wanda ya gwada wata dabara ta tsare taya daga ƙaya wadda ban ambata ba, ya rubuto da hannunsa, a karanta ma jama'a.